Zuwa Ga Bazazzagin Da Ke Neman Farin Ciki A Kwalba

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida da yaron gidansa. Ina gajiya, ina dogon Turanci? Labari ya iso mana Kano, ta bakin mutanen da ba sa ƙarya sai in ciniki ya kama, cewa ka shiga sabon fanni. Wai yanzu duk majalisar da ka zauna, daga Tudun Wada har Samaru, ba ka da zance sai na sinadaran ƙwaƙwalwa. Wanda ya ce maka yau ba ya jin daɗin ransa, ka ce serotonin ɗinsa ne ya yi ƙasa. Wanda ya nemi ƙarin tuwo, ka ce dofamin ne. Har an ce wani dattijo ya kawo maka kukan jikarsa ta yi yaji, ka gyara zaman tabarau ka ce matsalar oksitosin ce. Dattijon ya tashi yana tambayar mutane a wace unguwa wannan Oksitosin ɗin yake zaune, don ya je ya ji dalilin da ya sa yake raba auren 'ya'yan mutane.

Wannan duk bai dame ni ba, don surutu gadonku ne, ba a raba Bazazzagi da dogon bayani ko da a kan farashin gishiri ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwalaben da aka ce ka jera a kan durowar ɗakinka. Wai ɗaya ta ƙarin nishaɗi, ɗaya ta kwantar da hankali, ɗaya ta barci, kowacce da hoton wata Baturiya tana dariya a cikin lambu. Da aka faɗa mini kuɗin da ka biya, na ce Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, don ko daga wace uwa duniya aka ɗauko su, na san ta hannun Bakano suka bi kafin su iso maka. Ribar tana gida. Amma ubangida na gari ba ya zuba ido bawansa ya tsiyace, saboda haka gyara zama in karantar da kai. E, Bakano zai karantar da mutumin birnin ilimi. Ka daure.

Abin da ke ƙarƙashin hular mutum, har da hular Bazazzagi, yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Ba manne suke da juna ba. Tsakanin kowacce da maƙwabciyarta akwai ɗan giɓi, kuma yawanci saƙo ba ya tsallake giɓin sai ɗaya ta fesa wani sinadari, ɗayar ta karɓa. Irin waɗannan sinadarai suna da yawa ƙwarai, guda huɗun da ka haddace kake tsorata jama'a da su, wato dofamin da serotonin da endofin da oksitosin, su ne dai suka yi suna. Kuma lamarin ba na yawa ko ƙaranci kaɗai ba ne. A wane sashe aka fesa, a wane lokaci, mai karɓar tana ji ko ta gaji da ji, duk suna cikin lissafi. Babu ɗakin gwajin da zai ɗebi jinin hannunka ya ce ga adadin serotonin ɗin da ke yawo a kanka, ko a Zariya, ko a Kano, ko a Landan. To kai da wane ma'auni kake auna na mutane a teburin mai shayi?

Bari in fara da dofamin, tunda shi ka fi yi wa ƙazafi, kana kiransa sinadarin jin daɗi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya fito da martabarsa a wajajen 1957. Ya ba zomaye wani magani da ya zazzage musu sinadaran kansu, suka yi laƙwas, kunnuwa a zube, ba motsi. Da ya yi musu allurar abin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, ba a jima ba suka miƙe, kunnuwa tsaye. Wannan aiki ne ya buɗe hanyar maganin cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki, shi ne kuma ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Ka ga tun asali maganar motsi ce da yunƙuri, ba ta lasar baki ba.

Sai wani Bajamushe, Wolfram Schultz, ya zo da birai a shekarun 1990. In ya ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato ba tsammani, ƙwayoyin dofamin sai su zabura. Daga baya ya riƙa kunna wata alama kafin ya ɗiga. Da biri ya gane dawar garin, zaburar ta tashi daga kan ruwan ta koma kan alamar, ruwan da kansa in ya zo, shiru kake ji. Ranar da aka kunna alama aka hana ruwan kuwa, daidai lokacin da ya kamata ya sauka sai ƙwayoyin su yi tsit, ƙasa da yadda suke a da. A Jami'ar Mishigan ta Amurka kuma, Kent Berridge ya nuna cewa ɓerayen da aka raba da dofamin suna iya mutuwa da yunwa ga abinci a gabansu, ba su da yunƙurin matsawa su ci. Amma in an sa musu ruwan sukari a harshe, sai su lashe baki yadda kowane ɓera ke yi. Daɗin yana nan, neman ne ya tafi.

Mu Kanawa ba mu buƙaci biri kafin mu gane wannan ba, don mun san dillali. Dillali ba shi da kaya, ba kuma shi zai sa rigar ba. Aikinsa ya kama hannunka ya ce, “Alhaji, zo ka ga wani yadi, irinsa bai taɓa shigowa Kwari ba,” ya bi da kai lungu-lungu kana haki. In ka saya, kafin ka kai bakin titi ya sake tare ka da labarin wani da ya fi shi. Dofamin ke nan. Shi ya sa na tausaya maka daren da aka haɗa mu ɗaki ɗaya a wajen wani biki. Na farka tsakar dare, ɗaki duhu, sai hasken waya a fuskarka, tabarau ya zamo kan hanci, babban yatsa yana ta shara daga ƙasa zuwa sama. Ba dariya kake ba, ba karatu kake ba. Ka wuce mai wa'azi, ka wuce mai tallan maganin basir, ka wuce akuyar da aka goya a babur, ka ɗan tsaya kan wani mai zagin gwamnati, shi ma ka wuce. Na ce, “Malam, me ake nema?” Ka ce, “Ba komai.” Gaskiya ka faɗa, kuma ita ce gaskiya ta farko da na ji daga bakin Bazazzagi. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun san darasin sarai: ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi wanda aka sani riƙe mutum. Da wannan igiyar ake jan samarin da ke cika shagunan cacar ƙwallo, kowa na cewa saura wasa ɗaya da ya ci.

In kana so dillalin nan ya yi maka aiki, ba ya yi aiki da kai ba, ba shi kaya na gaske. Littafin nan da tun muna da baƙin gashi kake cewa kana rubutawa, ka ce yau shafi ɗaya, ka rubuta, ka rufe. Ka dasa zogale a bayan gida ka riƙa leƙa shi. Ka koyi abin da ba ka iya ba, ko da ciniki ne, ko da yake wannan sai an yi da gaske. Aiki mai farko da ƙarshe, wanda mutum zai miƙe ya ce na gama, shi ne abin da waya ba za ta ba ka ba, don ita ba ta ƙarewa. Kuma kada in ji an ce ka shiga daji neman karara, saboda ka karanta cewa 'ya'yanta na ɗauke da sinadarin nan da ya tashi zomayen Carlsson. Gaskiya ne suna da shi, amma wannan magani ne da likita ke aunawa don masu cuta. Kai abin da za ka fara samu shi ne susa.

Serotonin kuwa, wanda ka naɗa sarkin kwanciyar hankali, kusan kashi 90 cikin 100 nasa ba a kai yake ba. A hanji yake, yana taya abinci wucewa. An ce kana danna ayaba kowace safiya don ka ji akwai serotonin a cikinta. Akwai, amma tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, kuma serotonin ba ya tsallake shi, na ayabarka a ƙasa zai ƙare. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata, daga wani sinadari mai suna tiriftofan da ke cikin abinci mai gina jiki: gyaɗa, wake, riɗi, ƙwai, nono, kifi, nama. Shi ma a bakin shingen yana da abokan takara da suka fi shi yawa, amma in an haɗa da abinci mai sitaci, insulin yakan janye su zuwa tsoka, shi ya samu hanya. Wato dai shinkafa da wake, fura da nono, kunun gyaɗa, tuwo da miyar taushe. Abin da kakarka ke ba ka kyauta tun ba ka iya cewa “a ilmance” ba. Kada ka ɗauka kwano ɗaya na garau-garau zai mai da mai baƙin ciki ango, tasirin abinci a hankali yake taruwa. Sai dai wanda ke karya kumallo da lemon kwalba da biskit, ya yi rana da taliyar yara, bai kamata ya yi mamaki ba in jikinsa da ransa suka riƙa yi masa tsiya.

Ga kuma rana. A 2002, wasu masana a birnin Melbon na Ostireliya suka ɗebi jini daga jijiyar wuyan maza 101, jijiyar da ke sauko da jini daga kai, suka ga aikin serotonin ya fi ƙarfi a ranakun da rana ta haska sosai, ya fi rauni a lokacin hunturunsu. A ƙasashen can arewacin Turai, inda rana ke ƙauracewa watanni, mutane kuɗi suke sawa su sayi fitila ta musamman su zauna gabanta da safe. Kai Allah ya ba ka rana har ta yi maka yawa, ka rufe taga, ka saki labule, ka fito ka faɗa mota mai baƙin gilashi, ka shige ofis. Hasken safiya ne ke saita agogon jiki. Da dare kuma, daga wannan serotonin ɗin ne jiki ke yin melatonin mai kiran barci, haske mai ƙarfi da daddare kuwa jinkirta shi yake yi. In gari ya waye bayan asuba ka fita ka taka na minti ashirin ko talatin, ka gaisa da masu ƙosai. Ba a biyan ko sisi, wanda na san wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin Bazazzagi.

Ga wadda za ta ɓata maka lacca. A 2022, wata likitar ƙwaƙwalwa a Landan, Joanna Moncrieff, da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce babu tsayayyar hujja cewa ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon damuwa. An yi ta cacar baki a kan aikin nasu, kuma ba cewa aka yi magungunan asibiti ba sa amfani ba, suna taimakon mutane da yawa. Abin lura, su kansu masu furfura a fannin ba su gama daddale maganar ba, kai ka yanke hukunci tsakanin kofin shayi na farko da na biyu. Kuma kwalaben nan naka ba ruwan sanyi ba ne. Wasu daga cikin masu ikirarin ƙara serotonin, in aka haɗa su da maganin damuwa na asibiti ko da tiramadol, suna iya kwantar da mutum da zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Ka nuna wa likita su kafin ka ƙara haɗiyar ko ɗaya.

Barci ma kai ka kore shi da hannunka. Babban mutum na buƙatar awa bakwai ko fiye. Kai kana tauna goro bayan la'asar, ka bi shi da shayi mai kauri bayan isha'i, sannan ka zo kana neman barci ido rufe. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ƙarfi yake ƙara maka ba. Akwai wani sinadari, adinosin, da ke taruwa a kai tun safe yana sanar da kai gajiya, shi kafeyin yake toshe wa baki. Kuma kusan rabin abin da ka sha ƙarfe biyar na yamma yana nan a jininka ƙarfe goma na dare. Wanda bai yi barci ba kuwa, washegari ko sallama aka yi masa da ƙarfi sai ya ce an raina shi. Goron nan fatakenmu ne suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja, saboda haka ina da bakin cewa daga azahar a ajiye.

Yanzu na zo kan wanda ya fi shafar ni da kai. An daɗe ana mamakin yadda mofin, maganin da ake tatsa daga jikin wani fure, ke kashe raɗaɗi a jikin ɗan Adam. A 1973, Candace Pert da Solomon Snyder a Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da wuraren karɓarsa na musamman. To don me aka halicce su, tunda ba da furen aka haife mu ba? A 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz a birnin Abadin na Sikotland suka samo amsa. Hughes yakan yi sammako zuwa mayanka ya kwaso ƙwaƙwalwar aladu, a cikinta suka gano cewa jiki yana yin nasa maganin raɗaɗin. Dangin wannan sinadari ne ake kira endofin, kuma jiki bai cika bayar da shi ga mai kwance ba. Sai an yi gumi, an wahala, ko barkono ya gasa harshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Bincike da yawa ya nuna tafiya da sauri a kai a kai tana rage damuwar da ba ta yi tsanani ba. Ga dutsen Kufena nan a bayan gidanku, kuna ta yi mana alfahari da shi da sarauniya Amina. Yaushe rabonka da hawa? Kai da masallacin unguwa ma sai an tayar maka da mota. Masana yanzu suna ganin nishaɗin da mai gudu ke ji ba na endofin kaɗai ba ne, akwai wani sinadarin da jiki ke yi wanda ɗan uwa ne ga na cikin wiwi. Don ilimi na faɗa maka, ba fatawa na ba ka ba.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce Bakano ne zai yi wa mutane wa'azin kwalba, bayan abin da BBC ta nuna a 2018 kan kodin? Faɗi, an nuna Kano, kuma nan take gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, ba kuwa a Kano kaɗai aka ƙirga su ba. Kodin da tiramadol ta ƙofar da aka yi wa endofin suke shiga. In ƙwaƙwalwa ta ga an cika mata kaya daga waje, sai ta rage nata, ta kuma rage jin na wajen. Sai yaro ya wayi gari abin da ya sha jiya bai ishe shi ba, abin da a da ke faranta masa kuma, ƙwallo da hira da tuwon uwarsa, duk ya zama lami. Wannan kam babu wasa a ciki, a garinku ko a namu.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A 2011, Robin Dunbar na Jami'ar Oksfod da abokan aikinsa suka fitar da wani gwaji. Tunda ba a iya leƙa endofin kai tsaye cikin sauƙi, sai suka auna jure zafi: a naɗe wa mutum hannu da abu mai sanyin ƙanƙara, ko a matse masa dantse da abin awon hawan jini, a ga iyakar dauriyarsa. Wasu aka sa su kallon wasan barkwanci, wasu kallon shiri mara armashi. Waɗanda suka yi dariya tare da mutane, dauriyarsu ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Dariyar da ake nufi ita ce mai ƙulle ciki, mai sa haƙarƙari ciwo, ba murmushin taron ƙaddamar da littafi da kuka ƙware a kai ba. Wani Ba'amurke, Robert Provine, da ya bi mutane yana ƙirga dariyarsu, ya ce mutum ya fi yin dariya cikin jama'a sau 30 a kan in yana shi kaɗai. A Oksfod ɗin dai, an gwada matuƙa kwale-kwale, aka ga waɗanda suka yi tuƙi tare, hannu ɗaya, sun fi wanda ya yi shi kaɗai jure zafi.

Ka tuna lugude a gidan biki? Mata uku a turmi ɗaya, zani ɗaure tamau, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, kiɗan bai karye ba. Gumi na zuba, gero na tsalle, ana waƙa ana shewa, wata tsohuwa a gefe tana bakace tana jefa musu habaici. Dakan da mace ɗaya za ta yi tana tsaki, su uku sun gama shi suna dariya. Haka gayya take da gangar noma. Injin niƙa ya zo ya hutar da su, kuma ba ni zan ce a koma ba, don ba bayana ne ke ciwo ba. Amma ya tafi da wani abu da ba a maye gurbinsa ba, yanzu kowa na ɗakinsa da wayarsa.

Ka ga inda na dosa. Duk ranar da na ce maka bawana, ka ce mini ɗan kasuwar da zai iya sayar da inuwar gidansu, majalisa ta kece da dariya har wani ya ƙware da shayi, magani nake ɗura maka. Kakanninmu da suka ƙulla wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Haɗejawa, Gobirawa da Yarabawa, taubashi da taubashi, jika da kaka, ba su taɓa jin sunan endofin ba. Amma sun tanadar wa kowane mutum wanda zai tsokane shi ya yi dariya maimakon ya zare wuƙa.

Oksitosin ɗin da ka ɗora wa laifin yaji ba zan daɗe a kansa ba, don ungozomar asibiti ta fi ka saninsa. Shi ne ke cikin allurar naƙuda, shi ake yi wa mai jego don tsayar da zubar jini, shi ke sa nono ya kawo in jariri ya kama. Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, ya samu Nobel a 1955. Yana da hannu a shaƙuwar uwa da ɗa, amma kirarin da aka yi masa na sinadarin soyayya ya fi ƙarfinsa. Wasu gwaje-gwajen da suka ce shaƙa shi ta hanci na ƙara yarda da mutane, da aka sake su ba su tsaya da ƙafarsu ba, wasu kuma a Holan sun nuna yana iya ƙara wa mutum fifita nasa a kan bare. Abin da ya fi tsayawa shi ne binciken Jami'ar Habad da aka fara tun 1938, ana bin rayuwar mutane daga ƙuruciya har tsufa: waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya da kwanciyar rai a ƙarshen rayuwa. Zumunta a ƙafa take, Malam. Tura “Juma'at Mubarak” ga mutum ɗari biyu a WhatsApp ba ziyara ba ce. Je ka gaida gwaggonka a cikin birni, ka ɗauki jikanka ka ɗora a cinya ya ja maka gemu.

Yanzu in ajiye sanda in yi maka magana ta gaskiya, don mutane na sauraronka. Akwai baƙin cikin da rana da wake da dariya ba sa ɗagawa. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa sun kai miliyan 280 a duniya. In ka ga mutum ya haura mako biyu ransa a jagule, abin da yake so a da ya fita kansa, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, balle a ji yana cewa gara ya mutu, wannan ba na majalisa ba ne. Kada ka ce masa ya ci ayaba, kada kuma a ce masa raunin imani ne. Ciwo ne, kuma yana jin magani. A yi addu'a, a kai shi asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Shika a ƙofarku, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, mu ga namu a Dawanau, kuma kada ka ce komai a kan wannan. Masu jego ma a sa musu ido, don yana kama su bayan haihuwa, a yi ta cewa shagwaɓa ce. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma, kada ya ajiye shi don ya ji laccarka.

Ranar Asabar ina tafe, in na wuce Kwanar Dangora zan kira ka. Ka nemo takalmin tafiya, Kufena za mu hau da sassafe, wayarka kuma a gida za ta zauna. Ladan likita ɗaurin rake ɗaya ne na Maƙarfi da mazarƙwaila mai kyau, ba irin wadda kuke ba baƙi ba. Kuɗin sharar bana kuwa kada ka sa rai, na riga na cire a kuɗin magani.